Lambobin Da Ke Bayan Ambulan

Zancen yau na lissafi ne, zai kuwa fi daɗi ga wanda ya ajiye alƙalami da 'yar takarda kusa da shi.

Arewa maso gabas da birnin Washington, cikin jihar Maryland ta ƙasar Amurka, akwai wani gari ana ce da shi Beltsville. Ba babban gari ba ne, amma malaman gona na duniya sun san sunansa, gama tun cikin 1910 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta sayi fili a can ta kafa gonar gwaji, inda aka yi ta binciken iri da dabbobi da cututtukansu. A can ne aka fid da wani irin ƙaramin farin talo-talo wanda ya ci sunan garin. Cikin 1969 kuma aka kai babban ɗakin littattafan aikin gona na ƙasar wani dogon bene daura da gonar. Wata babbar hanya mai suna Baltimore Avenue ta ratsa tsakaninsu. Wanda zai rubuta wa ofishin gonar wasiƙa, sai ya sa lamba 10300 a bayan ambulan. In ɗakin littattafai yake nufi, sai ya sa 10301. Kowanne dai ya nufa, a ƙarƙashi sai ya rubuta lambar gidan waya ta garin, watau 20705.

Ran 1 ga Yuli 1963 aka soma amfani da irin wannan lamba mai alƙaluma biyar a Amurka, don a sawwaƙe wa ma'aikatan gidan waya rarraba wasiƙu. Alƙalamin farko, watau 2, yana nuna wani rukunin jihohin gabas ne, tun daga Maryland har zuwa Carolina ta Kudu. Ukun farko a haɗe suna nuna tashar da ake tara wasiƙun yankin, biyun ƙarshe kuma gidan wayar da zai kai su gida-gida. Wanda ya ba Beltsville wannan lamba ba duba ya yi ba, bai kuma zaɓe ta don wata baiwa ba. Layi ne kawai ya biyo ta kanta. Amma duk da haka lambar tana da halinta na kanta, wanda ba mahalukin da ya ba ta shi, ba kuwa mai iya sāke shi. Cikin 2025 Ma'aikatar Gona ta ba da sanarwar niyyar tashi daga gonar sannu a hankali. To, ko an tashi ko an zauna, ko ma an canja wa garin lamba, abin da za a faɗa a kan 20705 yana nan yadda yake tun kafin a sari itacen farko a wurin.

A zamanin da ake ciniki da wuri a Kano da Katsina, zambar ashirin ita ake ce wa keso. Ashe ke nan 20705 keso guda ne da wuri ɗari bakwai da biyar. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya ba da labarin irin wahalar da ake sha wajen ƙidayar wuri, don ba a shirya shi a zare, zube shi ake yi a ƙasa a riƙa ja biyar-biyar da yatsu. Da za a zube wa mai ƙidaya wuri 20705, sai ya ja biyar sau 4141, tabarma ta share, ba ko ɗaya da zai saura. Wannan kowane ɗan makaranta ya iya ganewa, tun da lambar da biyar ta ƙare.

Sai a dubi 4141 ɗin ita kuma. Arba'in da ɗaya ce aka rubuta sau biyu a jere. Akwai kuwa wata ƙa'ida mai sauƙi: kowace lamba mai alƙaluma biyu in aka rubuta ta sau biyu haka, daidai take da an ninka ta sau 101. Mai sauraro ya jarraba da 23, zai sami 2323. Ya jarraba da 67, zai sami 6767. Saboda haka 4141 ita ce 41 sau 101. An fasa lambar Beltsville ke nan gida uku: 5 sau 41 sau 101.

Nan kuma fashi ya tsaya. Biyar ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da ita kanta, haka 41, haka 101. Irin waɗannan lambobi malaman Larabawa na ce da kowace ɗayarsu awwal, watau ta fari. Cikin wannan zance za a kira su gagara-rabo. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, har abin da ba iyaka. Su ne tubalan da aka gina dukan sauran lambobi da su, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne kowace lamba hanya ɗaya tak take fasuwa zuwa tubalanta. Ko ta ina mutum ya soma fasa 20705, in bai yi kure ba, 5 da 41 da 101 zai tarar a ƙarshe. Tushen wannan magana yana cikin littafin Uƙlidis na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Kamaluddin al-Farisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya ƙara fito da ita fili, kāna Gauss na Jamus ya kafa mata cikakkiyar hujja cikin 1801.

Da an san tubalan lamba, sauran halayenta sai su yi ta fitowa kamar an kwance bakin buhu. Tun da tubalan nan uku ne, ba kuwa wanda ya maimaitu, lambobin da ke raba 20705 daidai takwas ne, ba ƙari ba ragi: 1, 5, 41, 101, 205, 505, 4141, da ita kanta. Masana sun ware wa lambobi masu tubali uku dabam-dabam aji nasu, ƙaramarsu ita ce 30, watau 2 sau 3 sau 5. In a gona ne, mai dashe 20705 da yake so ya jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, yana iya yin layi 5 na 4141, ko layi 41 na 505, ko layi 101 na 205. Na ƙarshen nan shi ya fi kama da gonar mai hankali.

Lambar ɗakin littattafai fa? Mai dashe 10301 ya gamu da aiki. Biyu ba ta raba ta, uku ba ta raba ta, biyar haka. Bakwai ta bar saura 4, goma sha uku ta bar saura 5. Goma sha bakwai ta kai bakin gaci, ɗaya tak ta rage a cika, amma kusa ba ta kai ba. Ba lalle ne mutum ya yi ta gwaji har ya kai dubu goma ba. In lamba ta fasu gida biyu, tilas ɗayan gidajen ya zama ƙarami, wanda in an ninka shi da kansa ba zai wuce lambar ba. To, 103 sau 103 ya ba da 10609, ya riga ya zarce. Don haka gagara-rabo 26 kaɗai za a gwada, daga 2 zuwa 101. Wanda ya yi haƙuri ya gwada su duka zai ga ba wadda ta raba ta. Ashe 10301 ita ma gagara-rabo ce, mai dashen nan ba shi da dabara sai dogon layi guda.

Tana da wani abin sha'awa kuma da ido ke gani. A karanta ta daga hagu irin na boko, ko daga dama irin na ajami, duk 10301 ce. Cikin gagara-rabo masu wannan siffa, ita ce ƙarama a masu alƙaluma biyar. Wadda take bi ma tana can nesa, ita ce 929, gama duk lamba mai alƙaluma huɗu da ke karantuwa gaba da baya haka, 11 na raba ta. Sai dai fa a yi hattara, wannan ado ne na riga kawai. Ya samu ne don mutane na ƙirga goma-goma. In aka rubuta lambar da sifiri da ɗaya zalla, yadda kwamfuta ke yi, sai adon ya ɓace. Ƙin rabuwa kuwa a jininta yake, ko da wane irin rubutu aka rubuta ta.

Akwai wani tsohon kashi da mutanen dā suka yi wa lambobi, ya fi wannan daɗewa ƙwarai. Wani masani Bayunane mai suna Nikomakus, mutumin Jarash ta ƙasar Urdun ta yanzu, ya rubuta shi wajen shekara ta 100, Sabit bin Ƙurra kuma, wanda ya rasu a Bagadaza cikin 901, ya juya littafin zuwa Larabci. Ga yadda ake yi. A tattara dukan sassan lamba, watau masu raba ta daidai ban da ita kanta, a haɗa su. In jimla ta zo daidai da lambar, sai a ce cikakkiya ce. In ta ɗara, mai rara ce. In ta kasa, mai giɓi ce. Shida cikakkiya ce, don 1 da 2 da 3 shida ne. Daga ita sai 28, sai 496, sai 8128, sa'an nan a yi wani dogon tsalle sai 33,550,336. Watau cikin lambobi masu alƙaluma biyar kaf ba cikakkiya ko ɗaya. Ya zuwa 2024 guda 52 aka gano, dukansu kuwa cika ne. Neman wadda take mara ya gajiyad da masana shekaru aru-aru.

In aka auna lambobin Beltsville da wannan mudu, sai a ga bambanci. Sassan 20705 guda bakwai jimlarsu 4999, ko rubu'in lambar bai cika ba. Mai giɓi ce sosai. Ita kuma 4999 gagara-rabo ce, sashinta ɗaya ne rak, saboda haka wanda ya so ya ci gaba da wasan, taki biyu zai yi ya iske bango. Lambar ɗakin littattafai ta fi ta talauci, tun da ba ta da sashi sai 1. Amma a ƙetare hanya zuwa ƙofar gona. Lamba 10300 ita ce 2 sau 2 sau 5 sau 5 sau 103, masu raba ta goma sha takwas ne, jimlar sassanta kuwa 12268. Mai rara ce. Tsakaninta da maƙwabciyarta ɗaya ne tak, amma wannan ta ƙoshi har ta yi saura, waccan ko loma ba ta samu ba.

Kada a ce wannan wasan yara ne. Malaman rabon gado sun daɗe da sanin amfanin lamba mai sassa da yawa, shi ya sa mas'alolinsu masu wuya kan tashi daga 12 ko 24, inda rabi da sulusi da rubu'i da sudusi duk ke fita ba karaya. Haka kuma kuɗin da aka yi amfani da su a Nijeriya kafin zuwan naira cikin 1973: kwabo 12 sule, sule 20 fam. Da kwabo 11 ne sule, da 'yan kasuwa sun ji jiki.

Yanzu sai babban al'amari, wanda ya sa lambar Beltsville ta cancanci a ɓata mata lokaci. In aka ninka lamba da kanta, abin da ya fito shi ake kira murabba'i, don shi ne yawan dashen da zai cika fili mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne: 1, 4, 9, 16, 25, da sauransu. To, a ce an ba manomi dashe, an ce ya cika fili biyu irin wannan, kada ya rage ko ɗaya. Wane adadi ne zai yiwu, wane ne ba zai yiwu ba? Da 5 ya yiwu, 4 da 1 ke nan. Da 7 ba dama, kome dabararsa. Da 41 ya yiwu, 25 da 16. Da 101 ya yiwu, 100 da 1.

Wani alƙali a birnin Toulouse na Faransa, mai suna Fermat, wanda lissafi abin hutunsa ne kawai, ya rubuta wa abokinsa Mersenne wasiƙa ran 25 ga Disamba 1640, ya faɗi ƙa'idar. Ya ce a raba gagara-rabo da huɗu. In saura 1 ne, za ta kasu murabba'i biyu, ta hanya ɗaya tak. In saura 3 ne, ba za ta kasu ba ko kaɗan. Fermat dai ya faɗa, amma bai bar hujja a rubuce ba, halinsa ke nan. Sai da aka shekara ɗari da tara kāna Euler, mutumin Suwizalan, ya kammala hujjar cikin 1749. Shekara takwas ke nan bayan rasuwar Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya wallafa littafi a kan hatimai masu gidaje mara cikin 1732, ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Zamaninsu ɗaya, kowa na fama da cika da mara a nasa ɗakin.

A gwada ƙa'idar. Raba 4999 da huɗu, saura 3. Ba manomin da zai cika fili biyu da ita. Raba 10301 da huɗu, saura 1. Lalle akwai hanya, ga ta kuwa: 101 sau 101 ya ba da 10201, a ƙara 10 sau 10, an sami 10301. Kowa ya so ya kwana yana neman hanya ta biyu, ba zai samu ba.

Tubalan 20705 kuwa, 5 da 41 da 101, dukansu uku saura 1 suke bari. Tun zamanin Diyofantus na Iskandariya aka lura cewa in aka ninka lambobi biyu masu kasuwa murabba'i biyu, abin da suka haifa shi ma zai kasu, har ta hanya biyu. Misalinsa shi ne 65, watau 5 sau 13, wadda take 64 da 1, take kuma 49 da 16. Haka 205, 'yar 5 da 41, ita ce murabba'in 14 da na 3, ita ce kuma murabba'in 13 da na 6. Kowane sabon tubali irin wannan ninka hanyoyin yake yi. Tubali ɗaya hanya ɗaya, biyu hanya biyu, uku hanya huɗu. Tun ba a taɓa alƙalami ba, an san manomin Beltsville yana da hanya huɗu. Ga su, mai sauraro ya rubuta: fili mai layi 143 da ƙaninsa mai layi 16; ko 137 da 44; ko 136 da 47; ko 124 da 73. A ɗauki na farko a gani: 143 sau 143 ya ba da 20449, 16 sau 16 ya ba da 256, a haɗa, 20705 cif.

Euler ya juya maganar ta baya, nan ne gwanintarsa ta fito. Ya ce in aka ga lamba ta kasu murabba'i biyu ta hanya fiye da ɗaya, ta tona wa kanta asiri, ba gagara-rabo ba ce, daga hanyoyin nan kuma ana iya zaƙulo tubalanta. A ɗauki hanyoyi biyun farko. Tsakanin 143 da 137 akwai 6, tsakanin 44 da 16 akwai 28. A raba kowanne biyu, a sami 3 da 14. Murabba'insu 9 da 196, jimla 205, ga mai raba lambar ya faɗo hannu. Da irin wannan dabara ya fasa 1,000,009, wadda take murabba'in 1000 da na 3, take kuma murabba'in 972 da na 235. Ta fito 293 sau 3413.

Me ya sa manyan masana ke wahalad da kansu wajen neman dabarun fasa lamba? Dalili shi ne ginawa da sauƙi, rushewa da wuya. Yaro ɗan aji huɗu ya iya ninka 293 da 3413 kafin shayi ya huce. Amma a ba shi 1,000,009 a ce ya nemo iyayenta, sai ya wuni. In lambar ta yi tsawo, wahalar ba ƙaruwa take yi kaɗan-kaɗan ba, hauhawa take yi har ta fi ƙarfin injuna. Cikin 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka mai da wannan wahala ta zama kwado. Za a ɗauki gagara-rabo biyu manya-manya a ninka su, a bayyana wa duniya abin da suka haifa, a ɓoye su kansu. Kowa na iya kulle saƙo da lambar da aka bayyana, amma ba mai buɗewa sai wanda ya san tubalan. Wannan yana cikin makullan da aka daɗe ana tsare saƙonnin banki da cinikin intanet da su. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke biyan kuɗin kaya ta waya, ko bai sani ba, da irin wannan lissafi yake ma'amala.

A shekarar nan ta 1977 masanan uku suka fid da wata lamba mai alƙaluma 129, suka sa ladan dala ɗari ga wanda ya fasa ta. Ta gagara shekara goma sha bakwai. Sai cikin 1994 mutane wajen ɗari shida suka yi gayya da kwamfutocinsu, wata takwas suna aiki, kāna ta fasu gida biyu. Cikin 2020 aka fasa wata mai alƙaluma 250. Waɗanda aka saba kulle saƙo da su kuwa alƙalumansu 617 ne. Amma cikin 1994 ɗin dai wani masani, Peter Shor, ya nuna cewa in har aka ƙera wata sabuwar irin kwamfuta mai aiki da halayen ƙananan ƙwayoyin zarra, ta kuma yi girman da ake bukata, za ta fasa irin waɗannan lambobi ba tare da wani jinkiri ba. Saboda tsoron haka, hukumar ma'auni ta Amurka, wadda ke garin Gaithersburg, cikin jihar Maryland ɗin nan da Beltsville take, ta fid da ƙa'idodin sababbin makullai cikin watan Agusta 2024, waɗanda ba su dogara ga wahalar fasa lamba ba.

Ga ɗan aiki ga wanda alƙalaminsa ke hannu har yanzu. Lambar da ke bin ta Beltsville, watau 20706, ta garin Lanham ce, tana fasuwa cikin sauƙi har gida biyar: 2 sau 3 sau 7 sau 17 sau 29. Ta gaba da ita, 20707, ta garin Laurel ce, wanda ke arewa da Beltsville a kan hanyar nan tasu. Tun da 149 sau 149 ya zarce ta, gagara-rabo 34 za a gwada, daga 2 zuwa 139. Bakwai za ta bar saura 1, 41 za ta bar saura 2, wanda ya kai ƙarshe zai ga ba wadda ta raba ta. In ya raba ta da huɗu kuma, ya san amsar da zai ba manomin da ya zo neman fili biyu.